Tafki Na Kowa Ne, To Wa Zai Gyara Shi?

Yanzu da hatsi ya shiga rumbu, hankalin kowa ya koma bakin ruwa. Mai lambu yana gyaran injin ban-ruwa, masunci yana ɗinkin komarsa, makiyayi yana duban inda zai shayar da shanunsa, mata da yara kuwa suna tunanin nisan da za su yi da jarka idan bazara ta yi zafi. Dukanmu ruwa ɗaya mu ke hange, ko tafkin bayan gari, ko fadama, ko ɗaya daga cikin madatsun ruwan da aka gina a wannan yanki namu. Kowa ya san ranar da zai je ɗiba. Amma in ka tambaya wace rana ce aka ajiye domin gyaran ruwan, sai ka ji shiru.

Abin da na ke so mu yi shawara a kai ke nan a wannan fitowa. Ra'ayina a fili ya ke. Duk tafkin da mutanen bakinsa ba su ajiye masa ranakun aikin gayya kowace shekara ba, ƙarshensa cikewa ne, ko na asali ne da muka tarar, ko wanda gwamnati ta tare. Kuma ƙungiyoyinmu ne ya kamata su fara ɗaukar shebur da lauje, ba tare da sun jira an biya su ba. Bari in kawo dalilaina, ku auna su da kanku.

YADDA TAFKI YA KE MUTUWA

Tafki ba ya mutuwa rana ɗaya. A hankali ya ke tafiya, shi ya sa ba a lura sai abin ya yi nisa.

A wajen Kazaure da Roni da Gwiwa ƙasar duwatsu ce da tuddai. In ruwan sama ya zuba da ƙarfi a kan tudun da aka sare itatuwansa, aka kuma kwashe ciyawarsa, ba abin da zai tare shi. Sai ya kwashi ƙasar gona, ya tsaga kwazazzabo, ya gangara da ita har cikin tafki. A wajenmu na Ɓaɓura kuwa jigawa ce. Iskar hunturu da ta bazara su ke wannan aiki, suna kwaso rairayi daga gonakin da aka share ƙal, suna zubawa a kowane kwari. Watau hasara biyu ce a tafiya ɗaya: gona ta rasa ƙasarta mai kyau, tafki ya rasa zurfinsa.

Zurfi kuwa shi ne ran tafki. A ƙasarmu rana da iska su kan shanye ruwan da ya kai kimanin mita 2 daga kan tafki a shekara, ko da ba wanda ya ɗebi moɗa ɗaya. To, ku lissafa. Tafki mai zurfin mita 4 zai kai ga sabuwar damina da sauran ruwa a cikinsa. In laka ta cinye rabinsa, zai ƙafe tun albasa ba ta ƙosa ba. Da damina kuma, da ya ke ba shi da cikin da zai riƙe ruwa, sai ya tumbatsa ya shiga gonaki da gidaje. Mutane su ce ruwa ya yi yawa bana, alhali kuwa ƙwaryar ce ta ƙanƙance.

Manyan madatsun ruwanmu ma ba su tsira ba. Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka soma gina su, aka kuma ci gaba a bayansa. Ga Tiga, ga Tomas a wajen Ɗambatta, ga ta Muhammadu Ayuba a Kazaure, ga Gari, ga Watari. Dukansu sun haura shekara 40, waɗansu sun kai 50. Kowace damina a cikin shekarun nan ta kai musu nata kason laka. Waɗanda suka gina su sun yi mana alheri. Amma ba mai gina ɗakin ƙasa ya ce ya gama da yaɓe har abada.

ABIN DA YA SAMI MUTANEN HAƊEJA DA NGURU

Ba sai mun yi nisa wajen neman misali ba. A gabashin jiharmu ta Jigawa, har cikin Jihar Yobe, akwai babbar fadamar Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are su ke bazuwa. Tun kaka da kakanni tsarin wurin ɗaya ne. Ruwa ya zo da damina ya malale ƙasa, a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa. Ruwa ya janye da kaka, a bi danshi a shuka wake da sauransu, shanu su sami ɗanyar ciyawa. Da bazara hanyoyin ruwa su bushe. A shekarun 1960 malalen ya kan rufe hekta 250,000 ko fiye, hekta 1 kuwa eka 2 da rabi ce.

Aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Calawa a 1992. Ga kuma farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 da 1984. Malalen damina ya ragu ƙwarai, har akwai shekarun da bai kai hekta 100,000 ba. A maimakonsa sai ruwa kaɗan kaɗan da a ke saki daga madatsun, yana gudu rani da damina. Abin da ciyawar kacala ta ke so ke nan, ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa, da laka a ƙarƙashinsa. A da bushewar bazara ce ta ke hana ta yaɗuwa. Da bushewar ta ƙare, sai ta sami gari. Kan kacala guda ɗaya yana ɗauke da 'ya'ya fiye da 100,000 waɗanda iska ta ke watsawa, saiwarta kuma tana tafiya a cikin laka tana tsiro a gaba.

Bayan garin Haɗeja kogin ya rabu uku: tsohon kogin Haɗeja, da Burum Gana, da Marma wadda ta ke zubawa a tafkin Nguru. Kacala da laka suka toshe biyun farko. Ruwa ya rasa hanya, ya karkata zuwa Marma. Ƙauyukan wannan gefe ruwa ya kwanta a gonakinsu da makiyayarsu shekara da shekaru, na ɗaya gefen kuwa suna zaune a bakin busasshen kogi. Masunta suka rasa inda za su zuba taru, kwalekwale ya rasa hanya. Tsuntsun janbaki ya sami wurin kwana a cikin kacala, yana fitowa yana cinye shinkafa da gero da dawa. Sauro ya ƙaru, haka nan katantanwar da ta ke ɗauke da ciwon tsargiya, watau fitsarin jini.

Wurin nan fa sananne ne a duniya, saboda tsuntsayen da su ke tasowa daga Turai su yi hunturu a can. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamar. A 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma a cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A 2008 aka ƙara Baturiya ta ƙasar Kiri Kasamma. A 2006 kuma aka yi babban taron jihohi 6 a Damaturu, aka kafa asusun kula da kogin. Duk waɗannan abubuwa ne masu kyau. Amma takarda ba ta taɓa yanke kacala ko ɗaya ba.

Inda aka ga canji, hannun mutane ne ya kawo shi. A tsakiyar shekarun 2000, da taimakon wani shiri da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsa, ƙauyukan bakin Burum Gana suka haɗa kai, suka fito gayya da lauje da adda da kwalekwale, aka buɗe hanyar. Ruwa ya koma inda ya daɗe bai je ba, noman rani da kamun kifi suka farfaɗo. Amma ga darasi na biyu. Duk inda aka buɗe aka tafi aka bari, kacala ta kan dawo. Bayan babbar ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutane fiye da 100 a jiharmu, gwamnati ta kawo manyan injunan yasa masu shiga ruwa. Injunan suna da amfani, amma inji ba zai shiga kowace ƙaramar hanyar ruwa ba, ba kuwa zai dawo kowane ƙauye kowace shekara ba. Abin da inji ya buɗe, sai 'yan aikin gayya na bakin kogi sun riƙe shi.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Tafkunanmu ƙanana ne in an gwada da nasu, amma cutar iri ɗaya ce. Ƙanƙantarsu ma sa'armu ce, gama ƙauye biyu ko uku sun isa su riƙe ɗaya.

"WA ZAI BIYA MU?"

Na san wannan ce tambayar da za ta fara fitowa a taron ƙungiya. Amsarta tana can tsallaken iyaka, a ƙasar Maraɗi. Labarin itatuwa ne, amma ya dace da maganar ruwa daidai.

A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, ya lura da wani abu a gonakin Maraɗi. 'Yan tsire-tsiren da manoma su ke sassabewa kowace shekara, irin su sabara da kalgo, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. In an zaɓi rassa masu ƙarfi, kamar 5 ko ƙasa da haka, aka datse sauran, aka kiyaye su, sai su zama itace da sauri, ba dashe, ba ban-ruwa. Wannan shi a ke kira sassabin zamani. Manoma kaɗan ne suka yarda da fari, ana kuwa yi musu dariya.

Sai yunwar 1984 ta zo. Aka shiga raba abinci a ƙauyuka wajen 100, da sharaɗin kowa ya bar itatuwa a gonarsa. Itatuwa wajen 500,000 suka tashi. Da rabon abinci ya ƙare, aka sare kusan kashi 2 cikin 3. Waɗanda suka bar itace domin buhu, da buhu ya ƙare sai suka ɗauki gatari. Sauran da suka riƙe nasu kuwa suka ga itacen wuta a kusa, da abincin dabbobi, da gonar da rairayi ba ya binne shukarta. Daga gonakinsu abin ya bazu, maƙwabci yana koya daga maƙwabci, ba wanda ya biya wani. Ya ƙara ƙarfi sa'ad da manoma suka tabbata itacen gonarsu nasu ne. Bayan shekara 20 da 'yan kai aka auna, aka ga ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200.

Ban ce laifi ne a karɓi taimako ba. In an ba mu shebur da baro da kwalekwale, mu karɓa mu gode. Amma aikin da kuɗi ya tayar, ranar da kuɗin ya ƙare ya ke kwanciya. Ladan gyaran tafki yana cikin tafkin. Shi ne albasar da ta kai ga ƙosawa, da tarwaɗar da ta girma, da rijiyar gida da ba ta ƙafe ba, gama tafki mai riƙe ruwa shi ya ke shayar da rijiyoyin da ke kewaye da shi ta ƙarƙashin ƙasa.

SAURAN ƘORAFE-ƘORAFE UKU

Wani zai ce, "Ai ruwan na gwamnati ne, ita za ta gyara." Gaskiya ne gwamnati tana da nata nauyi, zan kuwa zo kansa. Amma in tafki ya ƙafe a watan Maris, ba a ofis a ke jin ƙishirwa ba. Wanda ya ke sha shi ne mai abu, ko sunan wane ne a takarda.

Wani zai ce, "Ni in sha wahala, wanda ya kwanta a inuwa ya zo ya ɗiba?" Wannan ƙorafi yana da nauyi, shi ne ya kashe gayya a garuruwa da yawa. Maganinsa doka ce da kowa ya yarda da ita tun kafin a fara. Gidan da ya ke amfani da ruwan ya ba da mutum ɗaya, ko ya kawo abincin 'yan aiki, ko ya ba da amalankensa. Wanda ya ƙi, dagaci ya san yadda zai yi da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ku dubi Argungu, inda a ke bikin kamun kifi tun 1934. Manyan kifayen da a ke fitarwa a Matan Fada sun girma ne domin an hana su a wurin sai ranar biki, sarkin ruwa yana tsaye a kai, jama'a kuma suna bi.

Wani kuma zai ce, "Mu 'yan kaɗan ne a gari, wa zai ji maganarmu?" Haka ne, a yawancin garuruwanmu maƙwabtanmu Musulmi su ne masu yawa. Shi ya sa ba za mu mai da aikin nan na ikkilisiya kaɗai ba. Ruwa ɗaya mu ke sha da su, ambaliya ɗaya ta ke cin gonakinmu. Abin da ƙungiyoyinmu su ke da shi, shi ne abin da gayya ta ke bukata: muna haɗuwa kowane mako, muna da littafi da magatakarda da ma'aji, mun saba tara kuɗi mu ba da lissafi. Mu kai wannan gudummawa gaban mai unguwa da dagaci, a kira liman da sarkin ruwa da sarkin noma da arɗo. Dagaci ya yi kira, mu kuma mu riga kowa isa bakin ruwa. Kada mu kafa allo da sunan ƙungiyarmu. Ranar da aka ce tafkin su wane ne, ranar sauran mutane za su janye hannu.

ABIN DA ZA A YI

1. Ku zagaya tafkin tare da dattawa. Su nuna muku inda ruwa ya ke tsayawa a da, da inda ƙasa ta ke shigowa. Ku kafa doguwar sanda mai alamomi a wuri mafi zurfi, ku riƙa rubuta tsayin ruwa a littafi farkon kowane wata. Bayan shekara 2 littafin nan zai yi muku magana a gaban kowace hukuma.

2. Ku kafa kwamiti na dukan masu amfani da ruwan: masu lambu, masunta, makiyaya, masu yin bulo, da mata. Kada a manta da mata, gama su ne su ke fara sanin ruwa ya ragu ko ya ɓaci.

3. Ku ajiye ranaku tun yanzu, ban da Jumma'a, ban da Lahadi, ban da ranar kasuwa. Aikin kashi uku ne: yankan kacala daga kaka zuwa hunturu, yasar laka da bazara, dashe da shuka a farkon damina.

4. Ku yanke kacala a ƙarƙashin ruwa, aƙalla taƙi ɗaya daga sama. Ta ganyenta ta ke kai wa saiwarta iska. In ruwa ya rufe wurin yankan, saiwar ta kan shaƙe. Ku sake yanka sau 2 ko 3 in ta toho, tun ba ta fid da kai ba. Sa mata wuta a kan busasshiyar ƙasa ba ya kashe saiwar. Abin da aka yanka a fitar da shi waje, kada ya ruɓe a ciki. Yana yin jinka da asabari, yana yin taki in an tara shi da kashin dabbobi. A Senegal da Muritaniya, inda kacala ta bazu bayan an gama madatsar Diama a 1986, har gawayi a ke yi da ita.

5. Ku yashe laka a Afrilu da Mayu, sa'ad da gefen tafki ya bushe. Gara a zurfafa wuri ɗaya sosai da a kankare ko'ina kaɗan kaɗan, gama rana ta fi shan ruwa mai faɗi marar zurfi. A gangarar da bakin ramin domin yara da dabbobi. Kada a tara lakar a baki, ruwan farko zai mai da ita ciki. A kai ta gonar jigawa a amalanke, ai ƙasar gonarku ce ta dawo gida. Kada ku raina hannu. Mutum 40, kowa ya ɗauki kwano 50, kwano 2,000 ke nan a yini. Yini 6 a shekara, kwano 12,000.

6. Ku tare ƙasa tun daga sama, wannan ya fi duka. A ƙasar duwatsu a jera duwatsu a gicciye bisa gangare, a toshe kan kwazazzabo da duwatsu ko buhunan ƙasa tun yana ƙarami. A dasa gamba da jema a layi. A yi sassabin zamani a gonakin da su ke zuba ruwa a tafkin, a bar gawo ya tashi. A bar fili kamar taku 20 kewaye da bakin ruwa, ba huɗa, ba noma. A nan a raini giyayya da bagaruwa da goriba da kanya, wadda garinmu ya ke amsa sunanta. Kada a dasa turare a bakin tafki, shan ruwansa ya yi yawa.

7. Ku bar wa shanu mashaya da burtalin zuwa gare ta, a sa alama kowa ya gani. In shanu suna da wuri ɗaya sananne, ba za su tattake dukan bakin tafki ba, ba kuma za su bi ta cikin lambu ba. Faɗa da yawa daga toshe mashaya ya ke farawa. Makiyayin da aka yi shawara da shi, shi zai taya ku tsaron dashe.

8. Ku yi dokar kifi. Ban da kamu da gidan sauro, gama yana kwashe har 'ya'yan karfasa. Ban da zuba Gammalin ko wani maganin ƙwari a ruwa, wannan kisan kifi ne da cutar da mutane. Kada a wanke injin feshi a tafki. A huta da su a farkon damina, lokacin da kifi ya ke ƙwai.

9. Ku kula da lafiyar 'yan aiki. Mai dogon takalmin roba ya sa. Kada yara su shiga. A hana fitsari da bayan gida a ruwa ko a bakinsa, gama ta nan ƙwayar tsargiya ta ke komawa cikin katantanwa, ta fito ta shiga fatar wani. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai magani, sunansa Praziquantel. Kada a cika wa kwalekwale kaya, wanda bai iya iyo ba kuma ya yi aikin tudu.

ABIN DA BA NA GAYYA BA NE

Akwai iyaka. Jikin madatsa, watau bangon ƙasar da ya tare ruwa, da mazubin da rarar ruwa ta ke fita, aikin injiniyoyi ne. Kada kowa ya haƙa ƙasa a jikinsa, kada a yi noma a kai, kada a dasa itace, gama saiwa tana buɗe wa ruwa hanya. Namu shi ne sa ido. In kun ga tsaga, ko ruwa yana tsatsowa daga baya, ko ramukan gara da na ɓera, ku rubuta takarda ta hannun dagaci da hakimi zuwa ga hukumar da ke kula da madatsar, ku ajiye kwafi. Madatsar Bagauda ta ɓalle a 1988. Ta Alau ta ɓalle a Satumba 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri. Ba abin wasa ba ne.

Haka nan yadda a ke sakin ruwa daga manyan madatsu, da kawo injin yasa inda aikin ya fi ƙarfin hannu, nauyin gwamnati ne, tilas kuwa mu riƙa tuna mata. Amma akwai bambanci tsakanin masu roƙo biyu. Ɗaya ya zo hannu sake yana cewa a zo a gyara mana. Ɗaya ya zo da littafi, ya ce ga ranakun da muka yi aiki, ga yawan mutanen da suka fito, ga zurfin ruwan bara da na bana, ga wurin da ya fi ƙarfinmu. Na biyun nan wuya ne a sallame shi da baki.

To, 'yan'uwa, shawarata ke nan. Kowace ƙungiya ta sa maganar nan a taronta na gaba. A zaɓi mutum 3, a cikinsu har da mace, su je gaban mai unguwa kafin hunturu ya wuce. In mutum 10 ne suka fito ranar farko, a fara da su, ai hannu da yawa daga baya ya ke zuwa in an ga aiki. Ƙungiyar da ta kafa sandar awo, ta aiko mana da sunan tafkinta da zurfin da ta samu, za mu buga a nan domin sauran su gani su yi himma. Allah ya ba mu haɗin kai, ya kai mu damina lafiya.

Malamin Gona,
Kanya Babba